Ruwan Sama Nawa Ke Isa Kogi? Lissafin Da Madatsun Arewa Suka Dogara A Kansa

Cikin daren Litinin, wayewar garin Talata 10 ga Satumba, 2024, ruwan da ya ƙwace daga madatsar Alau ya shiga Maiduguri mutane na barci. Kafin hantsi ya mamaye Fori da Gwange da Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rushe katangar gidan yari, ya kwashe namun dajin gidan zoo na Sanda Kyarimi. Dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Dattawan garin ba su rasa abin tunawa ba, domin a watan Satumban 1994 wannan madatsar ce dai ta jawo wa birnin irin wannan masifa.

Bayan ruwa ya janye an yi ta muhawara a kan gyaran da aka yi ko ba a yi ba, da kuɗin da aka ware, da wanda ya kamata a tuhuma. Duk tambayoyi ne masu kan gado. Sai dai a ƙarƙashinsu akwai wata da ba ta cika fitowa a taron manema labarai ba, ga shi kuwa ita ce tushen kowace madatsa da gada da kwalbati: idan an yi ruwa a kan wani yanki, nawa ƙasa za ta shanye, nawa rana za ta ƙafar, nawa ne kuma zai malalo zuwa kogi, cikin awa nawa?

An kammala Alau a 1986 a kan kogin Ngadda, don shayar da Maiduguri da ban ruwan fadamar Jere, kuma an tsara ta riƙe kimanin kubik mita miliyan 112. Girmanta, da tsayin ganuwarta, da faɗin mafitar da rarar ruwa ke bi idan ta cika, duk sun fito ne daga amsar da wasu injiniyoyi suka bayar ga waccan tambaya shekaru arba'in da suka wuce. Haka Tiga, haka Challawa, haka Bakolori da Goronyo da Jibiya. Duk jami'in da takardar neman kuɗin madatsa ta taɓa biyowa ta teburinsa a Abuja ya sa hannu a kan wannan lissafi, ko ya sani ko bai sani ba.

Ƙasar da ba ta shan ruwa

Masana ruwa suna fara aikinsu da kwarin kogi, wato duk faɗin ƙasar da ruwanta ke gangarowa zuwa rafi ɗaya. Lissafin farko mai sauƙi ne: ruwan sama milimita ɗaya a kan murabba'in kilomita ɗaya daidai yake da kubik mita dubu, lita miliyan ɗaya ke nan. Saboda haka idan hadari ya zubar da milimita 60 a kwari mai faɗin murabba'in kilomita 100, an sami kubik mita miliyan 6 cikin 'yan sa'o'i. Wahalar tana wajen sanin kason da zai kai bakin madatsa.

A kudu, inda daji ya rufe ƙasa, ruwa yakan nutse tukuna, ƙasa ta ƙoshi, sannan ta riƙa sakin sa a hankali; shi ya sa rafukan can ba sa ƙafewa da rani. A Arewa mai nisa lamarin ya sha bamban. Ruwan shekara gaba ɗaya yana sauka ne cikin wata huɗu ko biyar, kuma mafi yawansa daga manyan hadura 'yan ƙalilan da ke tasowa daga gabas da guguwa, su zuba kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a ko sa'a guda, su wuce. Ƙasa tana da iyakar saurin da take iya shan ruwa. Idan sama ta fi ta sauri, rarar sai ta kwanta a doron ƙasa ta nemi gangara, ko da kuwa taku ɗaya a ƙarƙashi ƙasar a bushe take ƙamas. Wani injiniya Ba'amurke, Robert Horton, shi ya bayyana wannan a rubuce a 1933, har ake kiran irin wannan malala da sunansa.

Manomin Jigawa ko Yobe bai san Horton ba, amma ya san fako. Ya san cewa jigawa mai rairayi tana shanye ruwa nan take, laka tana tsagewa da rani ta haɗiye ruwan farko sannan ta kumbura ta toshe, shi kuwa fako ko an kwana ana ruwa a kansa sai dai ya gangare. Abin da ke mayar da gona fako shi ne ɗigon ruwan kansa. Idan babu ciyawa ko ganye ko karan da zai tare shi, yakan daki ƙasa ya farfasa ta, ƙananan ɓurɓushi su toshe ƙofofinta, rana ta gasa, sai a sami ɓawo wanda kaurinsa bai wuce na farce ba. Wannan ɗan ɓawon ya fi duk abin da ke ƙarƙashinsa tasiri. Masana ƙasa biyu na Faransa, Alain Casenave da Christian Valentin, sun yi shekaru suna zuba ruwan gwaji a kan filayen Sahel, suka wallafa sakamakonsu a 1989: a wannan yanki yanayin fuskar ƙasa ne ke hukunta yawan malala, fiye da irin ƙasar da ke ciki. Taswirar ƙasa da aka zana a ofis ba ta nuna ɓawo.

Akwai kuma ruwan da ke ɓacewa a hanya. Ƙoramar Arewa yashi ne a mafi yawan shekara, kuma ambaliyar farko takan ƙare ne wajen shayar da wannan yashin. Wani ruwan ma ba ya zuwa kogi sam, sai ya tsaya a tafki ko kududdufi tsakanin tuddai har ya ƙafe. Abin da ya taru a madatsa kuma rana tana karɓar nata kaso, domin a wannan yanki buɗaɗɗen ruwa yana iya rasa zurfin kusan mita biyu a shekara ta hanyar tururi kaɗai.

Ma'aunin aro

Hanyoyin da aka fi amfani da su wajen wannan ƙiyasi ba a nan aka haife su ba. Mafi tsufa ita ce ta Thomas Mulvany, injiniya daga ƙasar Ailan, wadda ya gabatar a 1851: a ninka faɗin yanki da ƙarfin ruwan sama da wani kaso da ke nuna yadda ƙasar ke sakin ruwa, sai a sami ƙololuwar kwarara. Har gobe da ita ake auna kwalbatoci da magudanan gari. Tana da amfani a ƙaramin fili, amma da zarar yanki ya yi faɗi sai ta fara ƙarya, domin tana ɗauka cewa ruwa ya sauka daidai wa daida a ko'ina.

Ta biyu, wadda ta fi yawa a rahotannin 'yan kwangilar ba da shawara, ita ce wadda hukumar kare ƙasar noma ta Amurka ta fitar a tsakiyar shekarun 1950, injiniyoyi suna taƙaita sunanta da CN. Ana bai wa kowane yanki lamba tsakanin 0 da 100 bisa irin ƙasarsa da abin da ya rufe ta da kuma damshin da ke cikinta kafin ruwan. Lamba 100 ita ce kwalta ko kwanon rufi, inda babu abin da ke nutsewa. Kyawunta shi ne ba ta buƙatar bayanai da yawa. Hatsarinta ma shi ne wannan.

A koma kan wancan kwari mai murabba'in kilomita 100 da ruwan milimita 60. Idan injiniya ya zaɓi lamba 60, lissafi zai ba shi malalar kusan milimita 3.5, wato kubik mita 350,000. Idan ya zaɓi 80, sai ta haura milimita 20, kubik mita miliyan 2. Idan 90 ce, kamar yadda fako da marmara za su iya kaiwa, malalar ta kusa milimita 36, kubik mita miliyan 3.6. Ruwan sama ɗaya, fili ɗaya, amma amsa ta ninka har sau goma saboda lambar da mutum ya ɗauko daga jadawali. Jadawalin kuwa an gina shi ne da bayanan ƙananan gonakin gwaji na Amurka. Hatta a can, binciken da aka sake yi daga baya ya nuna cewa kason ruwan farko da dabarar ke ɗauka ƙasa na riƙewa kafin malala ta fara ya yi yawa, kuma kashi 5 cikin ɗari ya fi dacewa da kashi 20 da aka saba sawa.

Ba laifi ba ne a ari ma'auni. Laifin shi ne a ƙi gwada shi da abin da aka auna a gida. A nan maƙwabta masu amfani da Faransanci sun riga Najeriya da nisa. Tun daga shekarun 1950 hukumar bincike ta Faransa da ake kira ORSTOM a lokacin ta kafa ƙananan kwaruruka na gwaji masu yawa a Nijar da Burkina Faso da Mali da Chadi, ana auna kowane hadari da kowace ambaliya. Daga nan Jean Rodier da Claude Auvray suka fitar da hanyarsu a 1965 ta ƙiyasta ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara goma, wadda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sabunta ta wallafa a 1996. Ƙasar Maraɗi da Damagaram ba ta bambanta da ta Katsina da Daura ba, amma da wuya a ga wannan aiki a rahoton injiniyan Najeriya. Shingen ba na ilimi ba ne, na harshe ne.

Yau akwai manhajojin kwamfuta irin su SWAT da HEC-HMS, masu raba kwari gida-gida su fitar da taswira mai launi. Jami'o'in Zariya da Kano da Maiduguri da Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna duk suna da masu iya sarrafa su. Sai dai a cikin cikinsu sau da yawa waccan lambar CN ce dai ke aiki, kuma manhaja ba ta zama abin dogaro sai an daidaita ta da kwararar da aka auna a kogin na shekaru. In babu wannan, kyan taswira ba ya ƙara mata gaskiya.

Ruwa ya ragu, kogi ya ƙaru

Abin da ya fi rikita tsohon lissafi shi ne ita kanta ƙasar ta canza. Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960, ya yi tsanani a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984, ya rage ruwan saman Sahel sosai. Hankali zai ce koguna ma su ragu. A 1987 wani masanin ruwa, Jean Albergel, ya lura da akasin haka a ƙananan kwarurukan arewacin Burkina Faso: ruwan sama ya ja baya, amma abin da ke malalowa ya ƙaru. Daga baya aka tabbatar da haka a kogin Nakambe da kuma Sirba da Dargol da Gorouol, waɗanda ke zuba a Kwara kafin Yamai. Masana suka sa wa lamarin suna, abin mamakin Sahel.

Dalilin bai ɓuya ba. Fari ya kashe itatuwa da ciyawa, jama'a ta ƙaru, an sare daji an yi gona, an daina barin saura ta huta, ƙasa ta yi ɓawo, kwazazzabai suka tsage suka haɗe wuraren da a da ruwansu ke tsayawa a tafki. Sakamakon yana bayyana a Yamai, inda jan ruwan damina da ke zuwa daga waɗannan koguna ya riƙa kafa sabon tarihi a 2010 da 2012 da 2020. A kewayen birnin ma an ga ruwan ƙarƙashin ƙasa yana hauhawa shekara da shekaru, saboda ƙarin malalar tana taruwa a tafkuna tana nutsewa daga can.

Wannan abin mamaki bai shafi ko'ina ba. A yankunan da suka fi samun ruwa, can kudu da Sahel, koguna sun ragu ne a lokacin fari, har fiye da yadda ruwan sama ya ragu. Kwarurukan Arewacin Najeriya da yawa sun ratsa yankunan biyu, kansu a inda ake ruwa sosai, ƙafarsu a bakin hamada, don haka ba a iya yi musu hukunci ɗaya.

Sannan hadarin ma ya sake hali. A 2017 mujallar Nature ta wallafa binciken da Christopher Taylor na Birtaniya ya jagoranta, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, ya gano cewa mafiya tsananin haduran Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Damina ta farfaɗo bayan fari, amma ba ta dawo yadda ta tafi ba: ruwa ya fi zuwa a dunƙule, da tazara tsakani. Ƙasa mai ɓawo da hadari mai ƙarfi, ga kuma laka da ta cike wani ɓangare na cikin madatsun, shi ne halin da ganuwar da aka auna da bayanan shekarun 1960 da 1970 ke fuskanta yanzu.

A nan ya kamata a gyara wata fahimta da ta zama ruwan dare a takardun gwamnati. Idan rahoto ya ce an gina abu don jure ambaliyar shekara ɗari, ba ana nufin sai bayan shekara ɗari za ta zo ba. Ana nufin a kowace shekara akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin ɗari. A tsawon shekara 50, yiwuwar a gan ta aƙalla sau ɗaya ta kusa kashi 40. Wannan ma idan an yarda cewa gobe za ta yi kama da jiya, kuma idan bayanan da aka yi lissafin da su sun isa. Wanda ya ƙiyasta ambaliyar shekara ɗari daga awon shekara goma sha biyar, cikinsu har da shekarun da ba a karanta ma'auni ba, hasashe ya yi.

Darasin Hadejia da Jama'are

Babu inda wannan lissafi ya fi nauyi kamar kwarin Komadugu Yobe, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 148,000, wanda ya haɗa Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, har ya zama iyaka da Nijar a wajen Diffa. Kogin Jama'are yana tasowa daga tsaunukan Jos, inda ruwan shekara ya haura milimita 1,200. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa su zama kogin Hadejia. Duk waɗannan a kan dutse suke gudana a farkon tafiyarsu, kuma a nan ne kusan duk ruwan kwarin ke samuwa. Da sun sauka kan shimfiɗar yashi da laka ta tsohon tafkin Chadi, sai su daina karɓa su fara bayarwa: su rarrabu tsakanin tsofaffin tuddan rairayi, su malale a fadamun Hadejia da Nguru, wani ya nutse, wani ya ƙafe. Abin da ke wucewa ta Gashuwa kaɗan ne daga abin da ya shigo.

A idon injiniyan shekarun 1970, ruwan da ya malale a fadama asara ne. A zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gina Tiga, aka kammala a 1974, mai ɗaukar kusan kubik mita biliyan biyu a tsarinta na farko. Challawa ta biyo baya a 1992 da sama da miliyan 900. Su biyun suna riƙe da mafi yawan ruwan kogin Hadejia. Sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, kuma babu mai musun wannan. Amma waccan asarar ita ce shinkafar fadama, da kifin Nguru, da makiyayar rani, da ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogi. A shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun kwatanta amfanin kowace kubik mita a fadamar da amfaninta a aikin ban ruwa na sama, suka sami fadamar ta fi riba nesa ba kusa ba.

Canjin bai tsaya ga yawan ruwa ba. Kogin da a da yake cika da damina ya bushe da rani ya koma mai gudana duk shekara saboda sakin ruwan madatsu. Ciyawar kacalla ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwa ya karkata zuwa mashigin Marma da tafkin Nguru, wasu garuruwa suna nutsewa wasu suna ƙishirwa. Ga mai awo, wannan na nufin duk alaƙar da aka sani tsakanin tsayin ruwa da yawan kwarara a waɗannan wurare ta tashi aiki.

Rikicin madatsar Kafin Zaki ma a kan lamba yake. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake fara aikin ana dakatarwa. Bauchi tana ganin noman rani, Yobe da Borno suna ganin za a tare kogin da ya rage musu, domin Jama'are ne babban kogin kwarin da har yanzu ba a datse ba. A 2006 jihohin shida da Gwamnatin Tarayya sun haɗu a Damaturu suka amince da tsarin kula da kwarin tare da asusu na musamman. Amma rabo ba ya yiwuwa sai an yarda da yawan abin da za a raba, kuma a shekarar ƙarancin ruwa, ba a matsakaiciyar shekara ba.

Kuskure ta ɗaya gefen ma an gan shi. Aikin ban ruwa na Kudancin Chadi, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000 a Borno, an ɗora shi ne a kan tafkin Chadi na shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Aka buɗe shi a 1979, tafkin ya riga ya ja baya, ba a jima ba mashigin da aka haƙa ya zauna a kan busasshiyar ƙasa. A can an zaci ruwa ya fi haka yawa. A Bagauda, wadda ta fashe a watan Agustan 1988, da Gusau a 2006, ruwan ne ya fi ƙarfin abin da aka tanadar masa.

Mutumin da ke karanta sanda

Duk wannan ilimi yana komawa ne kan abubuwa biyu masu araha: mazubin auna ruwan sama, da sanda mai lambobi da aka kafa a bakin kogi, da mutumin da zai je safe da yamma ya rubuta abin da ya gani. Lokaci-lokaci kuma ma'aikata su shiga kogin da na'ura su auna saurin ruwa, don a san tsayi kaza yana nufin kubik mita kaza a daƙiƙa. A kogi mai yashi dole a riƙa maimaita wannan, saboda kowace babbar ambaliya tana sake fasalin gindin kogin. A ƙorama mai cika cikin dare ta janye kafin asuba kuwa, karatun safe da yamma ba ya kama komai, sai na'ura mai rubutawa da kanta.

Tsohuwar Jihar Kano ta taɓa yin fice a wannan fanni. Hukumarta ta WRECA ta riƙe tashoshin awo a wurare irin su Wudil da Hadejia, tana buga littafin bayanan ruwa, kuma har yau masu bincike a kan waɗannan alƙaluma suke dogara. Daga shekarun 1980, da kuɗi ya ja baya, aka kuma rarraba jihohi, layukan da ba a cike ba suka fara yawa a littattafan awo na ƙasar nan. A Arewa maso Gabas rashin tsaro ya ƙara nasa: ruwan Ngadda yana biyowa ne ta dajin Sambisa, inda shekara da shekaru ba wurin zuwan ma'aikacin awo ba ne.

Hukumar Yanayi ta Duniya ta ba da shawarar cewa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa a sami aƙalla mazubin ruwan sama ɗaya a kowace murabba'in kilomita 575, da tashar awon kogi ɗaya a kowace 1,875. Da wannan ma'auni kwarin Komadugu Yobe kaɗai yana buƙatar mazubi sama da 250. Ko hakan ma bai wadatar ba a Sahel. Lokacin da masu bincike suka jera mazubai kusan ɗari a kewayen Yamai a farkon shekarun 1990, sun ga ƙauyuka biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita goma ba suna iya bambanta ƙwarai a ruwan damina guda. Wannan ba labari ba ne ga wanda ya taɓa ganin an yi ruwa a gonar maƙwabcinsa tasa tana ƙura.

Tauraron ɗan'adam ya rage wannan giɓi. Bayanan CHIRPS na Jami'ar Kalifoniya sun faro daga 1981, na TAMSAT na Jami'ar Reading daga 1983, kuma kyauta ake samun su. Suna da kyau wajen jimillar wata ko ta damina. Amma yawanci daga sanyin saman gajimare suke ƙiyasta ruwa, kuma sun fi rauni a daidai inda aka fi buƙatarsu, wato ƙarfin ruwan sa'a guda da ke fasa ganuwa. Su ma sai an gyara su da awon ƙasa.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA, wadda dokar 2010 ta kafa, tana fitar da hasashen ambaliya, ga hukumomin raya kogunan da aka kafa tun 1976, kowace da madatsunta. Kuɗi ma ya shigo: Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a Disambar 2021, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya kuma aka gina shi a kan tsare-tsaren kwaruruka, sannan a Satumbar 2024 ya amince da dala miliyan 500 don shirin SPIN, wanda lafiyar madatsu ke cikin ginshiƙansa. Matsalar da duk ma'aikacin kasafi ya sani ita ce, sayen na'ura babban aiki ne mai bikin ƙaddamarwa, amma alawus ɗin mai karanta sanda, da batir, da man babur, suna cikin kuɗin yau da kullum, wanda shi ake fara yankewa. Tashar da rance ya kafa takan yi shiru shekara biyu bayan rancen ya ƙare. Awon da ba a yi bana ba kuwa babu kuɗin da zai sayo shi baɗi.

Shirin ACReSAL yana da wata dama da ba a cika ambata ba. Ayyukan da yake tallafawa na farfaɗo da ƙasa, irin ramukan tassa da rabin wata da jerin duwatsu da aka daɗe ana yi a Tawa da Keita, da barin kututture ya tofo kamar yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980, duk manufarsu ɗaya ce: su fasa ɓawo, su rage gudun ruwa, su saukar da waccan lamba daga 90 zuwa ƙasa. Idan an kafa ma'auni a bakin ƙorama kafin a fara aikin, aka ci gaba da karantawa bayansa, Najeriya za ta sami jadawalinta na kanta a karon farko. Za ta kuma san nawa aka rage wa madatsar da ke ƙasa, domin ruwan da gona ta riƙe ruwa ne da tafki bai samu ba.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau da faɗaɗa ta. Sabuwar mafitar ruwan za ta dogara ne a kan sabuwar lamba, kuma mafi ingancin shaidar da ake da ita game da abin da Ngadda ke iya yi ita ce ambaliyar 2024 kanta. Injiniyoyi suna da hanyar komawa baya: su bi layin laka da ruwa ya bari a jikin gadoji da katangu da itatuwa, su auna tsayinsa da gangarar kogin da faɗinsa, su fitar da ƙololuwar kwararar da babu sandar da ta karanta a daren. A Gwange da Fori irin wannan layi ya daɗe a jikin gidaje, wani a kan taga, wani dab da rufi, kafin masu gidajen su samu sukunin yin yaɓe da fenti.